Ko Ka Sani? Kifin da Yunwa Ke Kashewa a Tsakiyar Abinci

Ko ka san akwai kifin da yunwa ke kashewa a cikin tankin gilashin da ake zuba wa abinci safe da yamma? Masu ajiye kifin teku a gidajensu, a Amurka da Turai da Japan, sun san wannan matsala sarai, kuma wanda ta fi ci shi ne ɗan kifin da suke kira mandarin.

Da wuya tsawonsa ya wuce santimita 8. Gidansa yammacin Tekun Pasifik ne, daga tsibiran Ryukyu na kudancin Japan, ta Filifin da Indunusiya, har zuwa Ostireliya, inda yake fakewa cikin ɓaraguzan murjani a ruwa mara zurfi. Jikinsa zane ne na shuɗi da ruwan lemo da kore. Shuɗin ma abin mamaki ne: a yawancin dabbobi masu shuɗi haske ne ke wasa a kan fata ko gashi, shi kuwa launin yana cikin ƙwayoyin fatarsa. Ba shi da ɓawo irin na sauran kifaye, sai wani yauƙi mai kauri da wari da ke sa manyan kifaye su ƙyale shi. Wannan kyan ne ke jawo masa wahala, domin mutum na ganinsa a shago zai ciro kuɗi, bai tambayi me yake ci ba.

A teku abincinsa wasu mitsi-mitsin halittu ne dangin jatan lande, ana kiransu kofefod, da ƙyar ido ke ganinsu a jikin dutse. Yadda yake cinsu ne tushen matsalar. Yakan bi dutse sannu a hankali, ya tsaya, ya ƙura ido, ya cafki ɗaya, ya matsa gaba, kamar kaza mai tsince-tsince a tsakar gida, daga fitowar rana har faɗuwarta. Bai san wawaso ba. Maƙwabtansa a tanki kuwa gwanayen wawaso ne: kifin damsel mai faɗan tsiya, da kifin kilawun da fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa duniya ta sani, da kifin tang mai rawaya. Da zarar an ɗaga murfi sun taru a sama, kafin minti biyu sun share komai. Mandarin na ƙasa yana nazarin ƙwaya ɗaya, wani ya zo ya ɗauke ta a gaban hancinsa.

Abin da sabon shiga ke fara yi shi ne ƙara abinci, wai ko wani abu zai kai ƙasa. Nan ake yin ɓarna biyu. Masu haɗama su ƙara ƙiba, ragowar kuma ta maƙale a lungun dutse ta ruɓe. Ruɓewar na fitar da amoniya, guba ce ga kifi. Ƙwayoyin bakteriya su mayar da ita naitirait, sannan naitiret, ga fosfet na taruwa. Ba a jima ba gansakuka ta rufe gilashi da dutse, murjani ya fara koɗewa. Teku na da faɗin da zai shanye datti, tanki mai lita 200 ba shi da shi.

Don haka ƙwararru ba yawan abinci suke dubawa ba, wuri da lokaci suke rabawa. Sukan fara kashe famfunan da ke kaɗa ruwa, don kada abinci ya watse. Sai su zuba wa masu zari nasu a kusurwa ɗaya, ko su maƙala wa tang busasshen ganyen teku, wanda Japanawa ke kira nori, a jikin gilashi, ya yi ta yaga yana shagala. Lokacin da hankalin kowa ya koma can, sai a zura dogon bututu mai roba a kai, ko sirinji da aka sa wa siririn tiyo, a fesa ɗan abinci daidai gaban mandarin. Idan ana yi a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya kullum, kifin yakan gane har ya riƙa zuwa yana jira.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta kwalba, don ba ta cin ko sisi. A samu ƙaramar kwalbar gilashi mai matsattsen baki, a kwantar da ita a kan yashi, a zuba abinci a ciki. Mandarin zai shige ya ci a natse, tang kuwa sai dai ya yi ta zagaye yana leƙe, faɗin jikinsa ya hana shi shiga. Akwai mai kama da wannan da ake yi wa wani kifin malam-buɗe-littafi mai ratsin jan ƙarfe da dogon baki, shi ma sananne ne wajen ƙin cin abinci a tanki: a cusa abinci cikin ƙaramin bututu mai ƙananan huji, inda bakinsa kaɗai ke iya kaiwa.

Amma duk wannan sai in kifin ya yarda ya ci mataccen abu, kuma da yawa daga waɗanda aka kamo daga teku ba sa kallon abin da ba ya motsi. Ana lallashinsu da jariran atemiya, wani ƙaramin jatan lande da ake kwaso ƙwansa daga tafkunan gishiri irin babban tafkin jihar Yuta a Amurka. A zuba ƙwan a ruwan gishiri mai iska, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya ƙyanƙyashe. A hankali ake gauraya masu ran da daskararre, har kifin ya saba. Wani ya saba, wani har ya mutu bai saba ba.

Shi ya sa tsofaffin hannu a harkar ke cewa kada a saka mandarin a sabon tanki. A bari ya yi wata shida ko shekara, da duwatsu masu yawa, har kofefod su hayayyafa. Wasu ma sukan haɗa wani ƙaramin tanki a ƙasa ko a gefe, cike da ciyawar teku, babu kifi ko ɗaya a ciki. Can halittun ke yaɗuwa, ruwa na kwaso su zuwa babban tankin dare da rana. A kuma kula da wanda za a haɗa shi da shi. Ƙaramin kifin ras mai ratsi shida, alal misali, abincinsu ɗaya, ga shi da sauri, sai ya share dutse kafin mandarin ya gama gefe guda. Dokin teku ma ya fi mandarin rauni: ba shi da haƙori, ba shi da tumbi, abinci na wucewa cikinsa da sauri, dole ya ci sau da yawa a yini, ga nawa wajen iyo. A ganina haɗa shi da masu wawaso zalunci ne, tanki nasa na kansa ya dace da shi.

Yunwar kifi ba ta da ƙara, kuma launin mandarin kan yaudari mai shi har makonni. Cikinsa ake dubawa. Mai ƙoshi cikinsa a cike yake, jikinsa a murje. Mai yunwa cikinsa ya shafe, wani layi ya fito a gefen jikinsa, naman bayan kansa ya lotsa. In an kai nan ceto na da wuya. Mai saye da ya san abin da yake yi yakan ce wa mai shago ya ba kifin abinci a gabansa, in bai ci ba ya bar shi. Yanzu kuma akwai gonakin kifi a Fulorida da tsibiran Palau da ke ƙyanƙyashe mandarin a tanki. Sun fi na teku tsada, amma tun suna ƙanana aka saba musu da abincin da ɗan Adam ke haɗawa.