Bindigar da ke Ɗura wa Kanta Harsashi: Darasi a Kan Dokar Newton da Ilimin Awo

Duk wanda ya taɓa ganin maharbi ya saki bindigar toka ya lura da abubuwa biyu. Na farko, bindigar takan zabura baya ta daki kafaɗar mai ita a daidai lokacin da harsashi ya fita. Na biyu, kafin ya sake harbi sai ya tsaya ya zuba albarushi ta baki, ya danna shi da sanda, ya sa harsashi, ya sake dannawa. Kafin ya gama, barewa ta sha kwana. Ɗaruruwan shekaru maƙeran bindiga suna kallon waɗannan abubuwa biyu a matsayin matsaloli daban-daban. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka gane cewa matsala ta farko ita ce maganin ta biyu: ƙarfin da ke dukan kafaɗa zai iya yin aikin ɗura sabon harsashi. A kan wannan tunani aka gina ƙaramar bindigar hannu ta zamani, wato fistol mai ɗura wa kanta harsashi. Nazarin yadda take aiki hanya ce mai sauƙi ta fahimtar wata babbar doka ta kimiyya, da kuma dalilin da ya sa masana'antu ba sa wasa da awo.

Dokar Newton ta Uku

A shekarar 1687 masanin nan na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana dokokinsa uku game da motsi. Ta uku tana cewa idan wani abu ya tura wani, shi ma wanda aka tura zai mayar da turi daidai da haka zuwa ɗaya ɓangaren. Yayin da albarushi ya kama wuta a cikin kwanson harsashi, yakan rikiɗe ya zama iska mai tsananin zafi da matsi. Wannan iska tana tura harsashi gaba, tana kuma tura bindigar baya da ƙarfi iri ɗaya.

To, me ya sa harsashi ke kisa, bindigar kuwa iyakarta ta girgiza hannu? Amsar tana cikin lissafin da ɗalibin aji huɗu zai iya yi. Harsashin da ake kira milimita 9 nauyinsa kimanin giram 8 ne, yana fita da gudun kusan mita 350 a sakan ɗaya. Idan aka ninka nauyi da gudu, wato kilo 0.008 sau 350, za a sami 2.8. Dole ita ma bindigar ta sami wannan adadi. Idan nauyinta kilo ɗaya ne, za ta ja da baya da gudun mita 2.8 a sakan. Amma makamashin motsi ana lissafa shi ne da rabin nauyi sau gudu sau gudu. Bisa wannan, harsashin ya tafi da jul 490, bindigar kuwa ba ta kai jul 4 ba. Wannan ɗan ragowar makamashi shi ne injiniyoyi suka sa wa linzami.

Yadda Aka Faro

Hiram Maxim ne ya fara nuna cewa abin zai yiwu, da bindigarsa mai ruwan harsashi a shekarar 1884. A wannan shekara kuma Paul Vieille na Faransa ya samar da albarushi marar hayaƙi. Wannan ya zama dole, domin tsohon baƙin albarushi yakan bar fiye da rabin nauyinsa a matsayin toka da datti, abin da zai toshe kowace irin na'ura mai sassa masu motsi bayan 'yan harbe-harbe kaɗan. A 1893 Hugo Borchardt ya fito da fistol mai ɗura kanta a Jamus, kamfanin Mauser ya biyo baya a 1896.

Wanda ya fi kowa tasiri a wannan fage shi ne John Moses Browning, wanda aka haifa a 1855 a garin Ogden na jihar Utah a Amurka. Ɗan maƙerin bindiga ne, a shagon mahaifinsa ya koyi sana'a. Shi ya ƙirƙiro murfin ƙarfe mai zamiya da ke rufe bututun bindiga daga sama, wanda kusan kowace fistol ta yau ke ɗauke da shi. Kafin rundunar sojan Amurka ta karɓi ƙirarsa a 1911, an gwada bindiga ɗaya da harsashi 6,000, idan ta yi zafi a tsoma ta a ruwa a ci gaba, ba ta cije ko sau ɗaya ba. Ita ce ta zama bindigar hannu ta rundunar har zuwa 1985. Browning ya rasu a Beljiyam a 1926 yana kan aikin wata sabuwar ƙira.

Abin da ke Faruwa Cikin Ƙiftawar Ido

Da an ja kunama, wata allura takan daki gindin kwanso, albarushi ya kama. Matsin da ke cikin bututu yakan kai kusan ninki dubu na matsin iskar da ke cikin tayar mota. Harsashin yana barin bututu cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na sakan. Daga nan murfin ya zame baya, ya fizgo kwanson da ya ƙone ya wurgar da shi waje, yana matse wani sifirin a kan hanyarsa. Sifirin ɗin ya mayar da murfin gaba, shi kuma ya kwaso sabon harsashi daga gidansa ya tura shi cikin bututu. Bindiga ta shirya, amma ba za ta sake tashi ba sai an sake jan kunama. Wannan shi ne bambancinta da bindiga mai ruwan harsashi.

Wahalar duka tana ga lokaci. Idan murfin ya buɗe tun harsashi bai fita ba, kwanson tagulla, wanda bai fi kaurin 'yan takardu ba, zai fashe a kusa da fuskar mai harbi. A ƙananan bindigogi nauyin murfi da ƙarfin sifirin sun isa su jinkirta buɗewar. A masu ƙarfi kuwa, dabarar Browning ita ce bututu da murfi su kasance a kulle da juna, su ja baya tare na 'yan milimitoci, sai bayan matsi ya sauka bututun ya ɗan sunkuya ya saki murfin.

Dalilin Cijewa

Tun da makamashin da ke tafiyar da wannan aiki kaɗan ne, duk abin da ya rage shi yakan kawo cijewa. Datti da busasshen mai suna ƙara gogayya. Sifirin da ya tsufa yakan rasa ƙarfinsa. Harsashi mai raunin albarushi ba ya iya kai murfin ƙarshen hanyarsa, sai kwanso ya maƙale a ƙofa. Akwai ma wani misali mai ban sha'awa ga ɗalibin kimiyya: idan mai harbi bai riƙe bindigar da ƙarfi ba, jikinta yakan bi murfin su ja baya tare, don haka murfin ba zai kammala tafiyarsa ba. Bindigar lafiyarta lau, hannu ne ya sha makamashin.

Saboda haka ƙwararren mai gyara a rumbun makamai na soja ko na 'yan sanda yana aiki ne kamar mai bincike a ɗakin gwaji. Yakan fara tabbatar da cewa babu harsashi a ciki. Sa'an nan ya lura a wane mataki aka tsaya, ya yi hasashen dalili, ya canza abu ɗaya tak, ya gwada, ya rubuta sakamako. Wanda ya canza abu uku a lokaci guda, ko da aikin ya yi kyau, bai san wanne ne ya yi magani ba. Har ila yau, ƙarfen da aka goge da magagari ba ya dawowa, don haka gwani yakan auna sau da yawa kafin ya taɓa.

Gashi Ɗaya Ya Yi Yawa

Kaurin gashin kan mutum bai kai kashi ɗaya bisa goma na milimita ba, amma a wasu sassan fistol kuskuren da ya kai haka ya isa ya ɓata aiki. A zamanin da, maƙeri yakan daidaita kowane sashe da hannu, don haka sashen wannan bindiga ba ya shiga waccan. Buƙatar sojoji ta samun sassa masu maye gurbin juna ita ta tilasta aka inganta awo. Honoré Blanc ya nuna hakan a Faransa a 1785, John Hall kuma ya aiwatar da shi da injuna a Harpers Ferry ta Amurka a shekarun 1820. A 1896 Carl Edvard Johansson, ma'aikaci a masana'antar bindigogi ta Eskilstuna a Suwidin, ya ƙirƙiro ƙananan tubalan ƙarfe na awo waɗanda ake haɗawa a sami kowane tsawo da ake so ba tare da kuskure ba. A 1923 ya koma aiki da kamfanin motoci na Ford. Ta wannan hanya ilimin awo ya fita daga masana'antar makamai ya shiga ta kekunan ɗinki, da agogo, da motoci. Yau idan bakanike a Kano ya sayi fulogi ya ɗaura ya zauna daram, gadon wannan aiki yake ci.

Sai an Gwada Akan San na Ƙwarai

Ko awo ya yi daidai, sai ƙarfen ya jure. Bututun bindiga ana yin sa ne da ƙarfe na musamman da aka gasa aka kuma sanyaya bisa ƙa'ida. Ƙasashen Turai da dama sun daɗe da kafa gidajen gwaji: na Landan ya samo asali daga 1637, na Liège a Beljiyam daga 1672, na Birmingham daga 1813. A can akan harba sabuwar fistol da harsashi mai matsin da ya ɗara na yau da kullum da kimanin kashi 30 cikin ɗari, a bincika ta, sa'an nan a buga mata hatimi.

Wannan ya bayyana haɗarin bindigar da aka harhaɗa a ɓoye da bututun famfo. An yi bututun ne don ruwan gida, wanda matsinsa bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na matsin harsashi ba, kuma yana da ɗinki a tsawonsa. Yana iya jure harbi na farko da na biyar, alhali ƙananan tsage-tsage da ido ba ya gani suna ƙaruwa a cikinsa, har ranar da zai tarwatse ya tafi da yatsu ko idanun mai riƙe da shi. Ban da wannan, dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa fistol cikin jerin makaman da aka haramta mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, ta kuma mayar da ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izini ba laifi mai hukuncin ɗauri. Aikin ƙera makamai na hukuma an ɗora shi ne a kan masana'antar DICON da aka kafa a Kaduna a 1964.

Kammalawa

Malami ba ya buƙatar bindiga don koyar da wannan darasi. Balan-balan da aka hura aka saki yana nuna dokar Newton ta uku sarai: iska ta yi baya, shi ya yi gaba, kamar yadda roka ke yi. Ɗalibai za su iya sake lissafin da ke sama da bindiga mai nauyin rabin kilo, su gano da kansu dalilin da ya sa marar nauyi ta fi dukan hannu. Za su iya auna kusoshi goma da ma'aunin baniya su ga bambancin da ido ya kasa gani. Ɗalibin da ya saba da irin wannan awo da haƙurin gwaji ya kama hanyar zama injiniyan da zai iya ƙera famfon ban-ruwa ko sashen injin niƙa wanda zai shiga gurbinsa tun karon farko, kuma irin waɗannan hannaye ne masana'antun ƙasa suka fi ƙaranci.