Daga Ruhewa Zuwa Jirgin Sama: Kalmomin Ƙera Abu Mai Kogo

A watan Maris na 2025 Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan matsayi ya ɗora wa masana harshe nauyin samar da kalmomin da za a koyar da kimiyya da fasaha da su. Maƙalar nan ta ɗauki fanni guda, wato ƙera abubuwa masu kogo daga haɗin zare da kwaɓi, domin nuna cewa kaso mai yawa na kalmominsa yana bakin magina da masu sana'ar fata tun kaka da kakanni.

Mu fara da ƙasar Arewa ta jihar Doso, wato gundumar Dogon Dutsi da ta Tibiri, wadda aka cire daga cikinta a 2011. Matafiyi a Dallol Mawri, daga Matankari zuwa Kore Mairuwa, zai ga rumbuna iri biyu: na zana da na laka. Na lakan shi ake kira rufewa a daidaitacciyar Hausa. A karin harshen yamma kuwa, inda /f/ kan koma /h/ ko /hw/ kamar a tahi da hwari, sunansa ruhewa. Gini ne mai siffar tulu, mai siririn bango, wanda ake ɗorawa a kan duwatsu don gudun danshi da gara, a bar masa baki a sama, a kifa masa hular ciyawa.

Me ya sa siririn bangon laka yake riƙe hatsin shekara? Amsar tana cikin kalmar ramno, wato ciyawar da ake kwaɓa laka da ita. Laka tana jure danni, amma ba ta jure ja, kuma tana tsukewa idan tana bushewa, sai ta tsattsage. Ciyawa tana jure ja, amma ba ta iya tsayuwa ita kaɗai. Idan aka gama su, lakar ta riƙe ciyawar a wuri guda, ciyawar kuma ta ɗinke tsagar tun tana ƙarama. Bugu da ƙari, hatsi yana tura bango zuwa waje, kamar zai tsinka shi a kewaye. Da yake magini yana ɗora laka zobe bisa zobe, yana jiran na ƙasa ya sha iska kafin ya ƙara na sama, ramnon yakan kwanta a kewaye, daidai inda jan ya fi tsanani.

Wannan ita ce ƙa'idar da masana'antun zamani suke bi. Sun maye gurbin ciyawa da zaren gilashi, wanda aka fara sarrafawa da yawa a Amurka a shekarun 1930, ko zaren kabon, wanda ya biyo baya a shekarun 1960. A madadin laka kuma suna amfani da rezin, wani danƙo mai ruwa-ruwa da ke sandarewa. Da wannan haɗi ake yin bututu da tankin ruwa da fukafukan injin lantarki mai aiki da iska. Jirgin Boeing 787, wanda ya fara tashi a 2009, kusan rabin nauyinsa daga irin wannan haɗi ne. Injiniyoyi sun lissafa cewa a tukunyar gas mai siffar ganga, jan da ke bin kewaye ya ninka wanda ke bin tsawo sau biyu, don haka suke yawaita naɗin zare a kewaye.

Sai dai akwai bambanci. Laka tana da kaurin da za ta tsaya da kanta, don haka ruhewa ba ta buƙatar komai a ciki lokacin gini. Zaren da aka jiƙa da rezin kuwa laushi gare shi kamar jiƙaƙƙen ƙyalle, dole a aza shi a kan wani abu har ya sandare. A nan matsalar take: yaya za a fitar da abin da ke ciki, musamman idan baki ya fi ciki ƙanƙanta? Masana'antu suna da hanyoyi uku. Ta farko, a naɗa zaren a kan sandar ƙarfe, a zare ta bayan ya sandare, wadda ta dace da bututu. Ta biyu, a sa mafitsarar roba a ciki, a hura ta ta manna zaren a bangon mazubi, daga baya a sace iskar a jawo ta. Haka ake yin gangar jikin wasu kekunan tsere. Ta uku, a yi cikon da gishiri ko yashi ko farar ƙasa, a narkar da shi da ruwa ko a farfasa shi.

Hanya ta uku ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin da ita ake yin tandu. Mai sana'ar yakan gina siffar da laka, ya jiƙa ɗanyar fata ya kankare ta, ya lulluɓe siffar da ita falle bisa falle. Idan ta bushe sai ya bubbuge lakar, ya zazzage ta ta baki, ya rage ma'ajin kwalli ko na mai, marar nauyi, mai wuyar fashewa. Ita kanta fatar saƙa ce ta ƙananan zarurruka, wato Allah ya riga ya haɗa mata nata ramnon.

Daga nan za a iya ba da shawarar kalmomi kamar haka. Ramno ya ɗauki ma'anar kowane zare da ake ƙarfafa abu da shi, har a ce ramnon gilashi. Kwaɓi ya tsaya a madadin abin da ke riƙe zaren. Mazubi ya zama siffar waje, ciko ya zama siffar ciki, hanya ta uku kuma a kira ta ƙirar tandu. Faɗaɗa ma'ana tsohuwar dabara ce a Hausa: jirgi na ruwa ne tun asali, kafin ya hau dogo, ya kuma tashi sama. Aro yana da muhallinsa, kamar a rezin da kabon. Amma ɗalibin da ya girma yana kallon ginin ruhewa, da ya ji ramno ya gane aikin zaren tun malami bai buɗe baki ba.

Abin da ya rage shi ne tattarawa. Buhu yana raba ruhewa da hatsi, roba kuma ta kori tandu daga kasuwanni da dama, kalma kuwa takan bi sana'arta zuwa kushewa. Ɗaliban da suka fito daga Arewa su ne suka fi cancantar wannan aiki: su zauna da magina a lokacin rani, su naɗi sunan kowane mataki da kowane kayan aiki, tare da karin sauti da tsawon wasali da jam'i, kamar yadda Arawa suke furta su. Da irin waɗannan bayanai ne kwamitin tsara kalmomi zai iya zaɓe bisa hujja.