Abin da Samanja Ya Koya wa Yaran Jiya

Yaran da suka tashi bayan kafa NTA a 1977 ba su manta da gidan maƙwabci mai talabijin ba. Wani ɗalibin wancan zamani ya tuna yadda sukan cika tsakar gida da dare suna jiran Samanja Mazan Fama. Su Hausar bariki ke ba su dariya, manya kuwa suna gyaɗa kai. Sai da ya shiga jami'a ya gane dalili: Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne mai ƙoƙarin kusanta soja da farar hula bayan yaƙin basasa. Yau yaro shi kaɗai yake kallo a waya, ba babba a kusa da zai nuna masa akwai darasi.