KURKUM DA SOJOJIN JINI: ABIN DA YAKE YI DA WANDA BA YA YI



Yau za mu yi magana a kan kurkum, wato gangamau. Sinadarin da ya ba shi launin ɗorawa shi ake kira kurkumin, kuma bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na garin ba.

Allah Ya halicci wasu sojoji a cikin jikinmu, fararen ƙwayoyi da likitoci ke kira makrofej. Da ƙwayar cuta ta shigo, sai su haɗiye ta, su saki sinadaran da ke kiran sauran sojoji. Wannan gangamin shi ke kawo kumburi da zafi. Rahama ce. Matsalar ita ce idan yaƙi ya ƙare amma sojojin suka ƙi kwance ɗamara, sai su koma cin gaɓɓai. A gwajin ɗakin bincike, kurkumin yana danne makunnin da ke sa su sakin sinadaran nan, sai kumburi ya lafa.

Saboda haka manomin shinkafa ko albasa a Shanga da Ngaski da gwiwa ta dame shi zai iya samun sauƙi. Sai dai hanji ba ya tsotsar kurkumin sosai. A zuba rabin ƙaramin cokali a miya mai ɗan mai, a haɗa da masoro kaɗan.

To amma a kula! Lallashin sojoji daban, kashe abokin gaba daban. Masunta da yaran da ke wanka a tafkin Kainji, idan aka ga jini a fitsari, alamar tsargiya ce. Ƙwan tsutsa ne ke maƙale a mafitsara yana tayar da sojojin. Kurkum ba zai maye gurbin maganinta ba, wato firazikwantel. A kai yaro Babban Asibitin Yauri ko asibiti mafi kusa, kada a jira mafitsara ko ƙoda ta lalace.

Mai juna biyu, mai tsakuwar matsarmama, da mai shan maganin tsinka jini, su tsaya a na miya kawai. Ƙwayoyin kurkum masu ƙarfi sun taɓa illata hantar wasu.

Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani, zuwa asibiti ma yana ciki.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. A tura wa 'yan uwa.