Makaɗin Fage: Mai Tsuma 'Yan Kokowa da 'Yan Kallo

Da zarar an ɗaure damman gero an kai rumbu a Sabon Gida da sauran garuruwan gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa a Nijar, sai lokacin kokowa ya kama. Samari na shiga garuruwan maƙwabta neman abokan karawa, ana share fili, jama'a su yi da'ira. Amma ko an cika fal, wasa ba ya tashi sai makaɗi ya iso. Shi ke buɗe fage, shi ke kiran 'yan wasa, kuma da hannunsa ake ɗaga zuciyar taro ko a kwantar da ita.

Jarin makaɗin 'yan kokowa shi ne take. Duk ɗan kokowar da ya yi suna yana da nasa: ɗan gajeren kiɗa da ke ɗauke da sunansa ko laƙabinsa, da garinsu, wani lokaci har da waɗanda ya taɓa kayarwa. Kalangu na iya wannan aiki ne saboda Hausa harshe ce mai hawa da saukar murya. Makaɗi na matse tsarkiyar kalangu a hammata sautin ya hau, ya sassauta ya sauka, har wanda kunnensa ya saba ya ji maganar da fata ke yi. Mai take na jin nasa sai ya zabura, jiki na tsuma, ya fito tsakiyar fili da layu da guraye, ya ɗaga hannu ya yi kirari. Idan akwai mai jin ya isa a ɗaya ɓangaren, shi ma ya fito ya mayar.

Saboda haka aikin ya wuce iya bugu. Dole makaɗi ya san wa ya ka da wa bara, wane gari ke da jiƙaƙƙa da wane, wane ne ɗan tsohon gwani. Idonsa kuma ba ya barin fili. In 'yan wasa sun tsaya kallon-kallo, ya zafafa kiɗa. In an yi kaye, nan take ya juya zuwa taken wanda ya yi nasara, maroƙa su ɗauka da baki, masu kyauta su taso.

Sana'ar galibi gado ce. Yaro na farawa da bin mahaifinsa yana riƙe ƙaramar ganga ko yana amshi, ya yi shekara da shekaru yana haddace take kafin a bar masa jagoranci. Albashi kuwa babu. Abin da ɗan wasa da iyayen gidansa da 'yan kallo suka miƙa shi ne samu: kuɗi, riga, damin hatsi, wani lokaci dabba. Da damina yawancinsu gona suke komawa.

Jihar Tawa ce ta ga ranar da wannan kiɗa ya fita daga dandalin ƙauye ya shiga babban fage. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, aka yi gasar kokowa ta ƙasa karo na farko a birnin Tawa, Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya lashe ta. Yau jihohi 8 na Nijar kowace na kawo 'yan kokowa 10, ana neman takobin da ake ba zakara, kuma tawaga ba ta tafiya ba makaɗa da mawaƙa da 'yan cali-cali masu ba da dariya. Rediyo da talabijin suka kai muryoyi irin ta mawaƙi Sagalo gidajen da ba su taɓa ganin fagen ba. A ƙetaren iyaka, ta wajen Sakkwato, Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi wa dambe irin wannan hidima, har ya zama da wuya a ambaci ɗan dambe Shago ba a tuna da mawaƙinsa ba.

Abin da zai ba makaɗin Sabon Gida mamaki shi ne yana da abokan sana'a a Amurka. A can, filayen besbol, wasan da ake bugun ƙwallo da kulki, suna ɗaukar mai kaɗa ogan, wato kayan kiɗan nan mai maɓallai da aka fi sani a coci. An fara jin sa a filin Wrigley na birnin Shikago a 1941. Shekara guda bayan haka ƙungiyar Dodgers ta Buruklin ta ɗauki Gladys Goodding, wadda ta riƙe aikin har 1957. Besbol wasa ne mai yawan tsayawa, kuma cike waɗannan giɓɓa shi ne aikin mai ogan.

Wadda ta fi shahara ita ce Nancy Faust, da ta yi wa ƙungiyar White Sox ta Shikago kiɗa daga 1970 zuwa 2010. Ta yi suna ne da zaɓar wa kowane ɗan wasa waƙar da ta dace da sunansa, ko garinsu, ko halinsa, ta kaɗa masa yayin da yake fitowa bugu. Take ke nan, ba ragi. Ta kuma iya zambo: a 1977 ta fara rakiyar mai jefa ƙwallo na abokan hamayya da kiɗan sallama idan an cire shi daga wasa, dubban 'yan kallo na amsawa. Wani mai suna Wilbur Snapp ya wuce gona da iri a 1985 a garin Kiliyawota na jihar Fulorida. Alƙalan wasa sun yanke hukuncin da bai gamshe shi ba, sai ya kaɗa musu waƙar yara da ke zancen ɓeraye uku makafi, aka kore shi daga fili.

Bambancin yana wajen abinci. Mai ogan ma'aikacin ƙungiya ne, ana biyan sa. Makaɗin fage kuwa yana jiran hannun mai kyauta, don haka dole ya san aljihun taro kamar yadda ya san tarihin 'yan wasa.

Barazanarsu kuwa iri ɗaya ce. A Amurka ƙungiyoyi da dama sun koma sakin waƙoƙin da aka naɗa, 'yan wasa na zaɓar nasu da kansu, har Faust ta ƙare shekarunta na ƙarshe tana kiɗa a wasannin rana kawai. A Nijar ma manyan lasifikoki da waƙoƙin situdiyo sun shigo fage, samari na yawo da taken gwanayensu a wayar salula. Sai dai waƙar da aka naɗa ba ta ganin fili, ba ta san lokacin da ƙafar wani ta fara rawa ba. Shi ya sa wasu ƙungiyoyin besbol suka sake ɗaukar masu ogan, White Sox ma ta gayyato Faust ta kaɗa a wasu wasanni a 2025. A ƙauyuka irin su Sabon Gida kuwa, mai shirya kokowar kaka har yanzu sai ya aika wa makaɗi goro kafin ya sa rana.