Batirin da ba ya fita

A rigakafin ciwon huhu na shanu, arewa da Dakoro, ni ke shigar da garkuna cikin tabilet. Kafin la'asar ta mutu, ga shanu cike da bakin rijiya. Sai na koma ga takarda.

A kwalinta an rubuta 7000 mAh, wato yawan wutar da batirin ke riƙewa yana sabo. Zafi na rage ƙarfinsa, hasken allo da neman rezo a daji kuwa sun fi komai shan caji. Abin haushi, manne yake a ciki, ba kamar na ƙananan wayoyinmu da farce ke cirewa ba.

Yanzu a inuwa nake ajiye ta, in kashe rezo. Idan ƙungiyarku za ta saya, ku fara tambaya: bayanta yana buɗuwa?