Haɗarin Ƙwayoyin Cuta a Dasasshen Tantanin Ido

Tun shekarar 1905 likitoci ke dashen koniya, wato tantanin nan garai-garai da ke gaban baƙin ido. Sai dai dashen yakan warke a karkace, gani ya dushe, har a kankare shi da hasken leza domin ya daidaita.

Koniya ba ta da jijiyoyin jini, kuma wajen dashe an yanke jijiyoyinta masu jin zafi. Maganin sitiroyid da ake ɗigawa don kada jiki ya ƙi dashen, shi ma yana raunana garkuwar idon. Saboda haka ƙwayoyin cuta kan shiga raunin leza, su yi nisa kafin majiyyaci ya ankara. Jan ido, ƙin haske ko farin ɗigo a tantanin na bukatar likita a ranar, domin kumburin na iya lalata dashen baki ɗaya.